Noman rani: zaɓen mazubi da dabarun dashe, inda ribar garka ke farawa

Da zarar damana ta ɗauke, kaka ta shigo, sai wata haja da ba ta jure rana ta bayyana a kasuwanninmu. Wannan haja ita ce dashe. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, duk wanda ya ratsa kwarin Maggiya da na Tarka a jihar Tawa, ko gulbin Maraɗi, ko fadamun Matamai da Magarya a jihar Damagaram, zai ga ana hada-hadar dashen albasa, tumatir, shu, salati da tonka, an ƙulla shi dami-dami an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. A birnin Yamai kuwa, masu renon itatuwa na jera ledojin mangwaro, lemu, gwanda da zogale a bakin titi da gefen kogi kusan duk tsawon shekara.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, garka ta zama sana'ar da ke ciyar da gidaje masu yawa. Yau mata da dama na ɗaukar bashi a asusu ko su kwashi adashi, su zuba kuɗin a garka, ko a ƴan bidoji da buhuna cikin tsakar gida. Wasu kuma ba sa noma, sarin dashen suke yi su kai wata kasuwa. Dukansu abu guda ke karya su in ba su kula ba: saiwa. Ido na ganin ganye kore shar, mai saye ya biya, amma ribar ko asarar tana ƙasa, inda ba a gani. Shi ya sa muka ga ya dace mu zanta da ku, ƴan kasuwa maza da mata, a kan mazubin da ake rena shuka a ciki da kuma yadda ake ɗauke ta a dasa ba tare da an kashe mata kwanaki ba.

Ba kowace shuka ke yarda da dashe ba

A ƙarshen kowace saiwa akwai wasu ƴan gashi masu laushi ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sosai. Su ne bakin shuka, da su take shan ruwa da abinci. In aka tumɓuke dashe, yawancin wannan gashi na tsinkewa ya zauna cikin ƙasa. Shukar sai ta tsaya cik, ganyenta ya langaɓe, ta bar girma har sai ta fitar da sabon gashi. Wannan tsayuwa ita ce harajin da kowane dashe ke biya.

Albasa, tumatir, shu, salati, yalo, tattasai da tonka na biyan wannan haraji su wuce, don suna saurin sake saiwa. Shi ya sa ake yayyafa irinsu a fangali, a rene su, sa'an nan a dasa. Amma kankana, kuɓewa, kokwamba, kabewa da karoti ba haka suke ba. Suna da uwar saiwa guda da ke nutsawa ƙasa, kuma ba sa saurin mayar da abin da ya karye. Karoti ma abin da muke ci shi ne uwar saiwar. In an dasa shi ta lanƙwashe, sai ya fito da ƙafa biyu ko uku, kowa kuma ya san yadda irin wannan ke kwantai a kan tebur.

Akwai wani dalili na biyu, wanda ɗan kasuwa zai fi saurin ganewa. Kayan garka kwanakinsu ƙidayayyu ne. Kuɓewa kan fara fure wajen mako shida zuwa bakwai bayan shuka, ba ta jiran sai ta yi jiki. In ta ɓata kwana goma tana jinyar saiwa, za ta yi furen tana ƴar guntuwa, ɗiyan da za ta bayar kuma daidai jikinta ne. Iccen mangwaro na da shekaru a gabansa da zai rama abin da ya rasa, shukar wata uku ba ta da su. Ƙa'idar dai mai sauƙi ce: duk shukar da ke da gajeren rai da uwar saiwa, a shuka ƙwayarta kai tsaye inda za ta zauna har girbi, ko garka ce ko bido. In dole sai an rena ta, to a sa ƙwaya ɗaya ko biyu a leda guda, a ɗauke ta da ƙasarta gaba ɗaya kafin ta wuce mako biyu zuwa uku.

Zogale na tsakiya. Yana jure dashe daga leda, amma uwar saiwarsa na kumbura kamar rogo kuma tana karyewa da sauƙi. Don haka kada ya wuce mako huɗu zuwa shida a ƙaramar leda. Mai son ganye na sayarwa, irin wanda Jiratawa ta yi suna da shi, zai fi samun sauƙi in ya shuka ƙwayar a wurin zamanta.

Wane mazubi, ga wace shuka?

Mazubi iri biyu ne, kuma a nan ne mutane ke rikicewa. Akwai na reno, inda shuka ke yin makonni kaɗan, akwai na zama, inda za ta ƙare rayuwarta.

A wajen reno, baƙar leda mai huji ita ce aka fi sani. Ƙaramarta ta ishi bedi, zogale da gwanda na ɗan lokaci. Mangwaro da lemu da za a yi wa aure su daɗe watanni suna jira, su babbar leda mai zurfi suke so. Ledar ruwan sha da ake zubarwa, wadda ke ɗaukar rabin lita, tana yin aikin renon tumatir ko tonka na mako uku zuwa huɗu, muddin an huda gindinta. Amma da yake haske na ratsa ta, sai a jera su a matse, a rufe gefensu da ƙasa, don saiwa duhu take so. Gwangwani kuwa matsalarsa biyu: yana ɗaukar zafi, kuma fitar da shukar daga cikinsa ba tare da ƙasar ta warwatse ba aiki ne. Yanzu ana samun wani faranti na roba mai ƙananan ramuka, kowane rami da ƙwayarsa. Ya dace da irin kanti mai tsada, wanda ba a so ko ƙwaya ɗaya ta lalace, sai dai ƙasarsa kaɗan ce, tana bushewa da sauri, ba ya yafe mantuwar ban ruwa.

A wajen zama, girma shi ne magana ta farko. Tumatir guda ko yalo guda na buƙatar mazubin lita 15 zuwa 20. Tonka da tattasai lita 10 na isarsu. Salati saiwarsa ba ta nisa, zurfin santimita 15 ya wadatar, don haka tsohon baho ko bido da aka tsaga a kwance na ɗaukar gindi da yawa. Kuɓewa da zogale zurfi suke nema, ba faɗi ba; buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, aka cika shi kamar kamu ɗaya, ya fi musu baho. Bidon man girki na lita 25, wanda ke ko'ina a kasuwanninmu, in an yanke kansa ya zama gidan tumatir mai kyau. Kuskuren da muka fi gani shi ne cusa gindi uku ko huɗu a bido guda saboda kwaɗayi. Ƙarshenta duka su yi tsawo su rame, a tashi ba a samu ko abin da gindi ɗaya zai bayar ba.

Tukunyar ƙasa, irin wadda matan Mirya da na Bubon suka shahara da ginawa, tana da wata falala da roba ba ta da ita. Jikinta na tsatsafo, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, don haka saiwa na samun iska da sanyi. Aibinta shi ne tana shan ruwa da yawa, tana da nauyi, kuma tana fashewa. Baƙar roba da baƙar leda akasin haka suke: suna riƙe ruwa, amma a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, gefen da rana ke duka na dafa saiwa. Maganinsa a naɗe su da tsohon buhu ko zana, ko a binne rabinsu cikin ƙasa.

Ko wane mazubi aka zaɓa, dole a huda shi. Huji huɗu zuwa shida a gindi da ɗan sama kaɗan, da ƙusa mai zafi, sa'an nan a ɗora shi kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanya. Saiwa ma numfashi take yi. In ruwa ya kwanta mata, ruɓewa take yi, mai ita kuma ta ga ganye ya yi yaushi ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara ruwa, ta ƙarasa ta. Zuba tsakuwa a gindin mazubi ba ya maye gurbin huji, rage wa saiwa wuri kawai yake yi. Ɗan katangar tukunya a kan hujin ya isa ya hana ƙasa zubewa.

Ga gargaɗi ga masu sayar da tsofaffin bidoji da masu sayensu: bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, man mota ko ruwan batir bai dace da shukar da za a ci ba, komai wankin da aka yi masa. Roba na shanye dafi. Araha ba ta ado, balle a kan abin da zai shiga tukunyar iyali.

Ƙasar da za a zuba

Laka zalla a mazubi na daskarewa kamar bulo in ta bushe. Rairayi zalla kuma ba ya riƙe ruwa ko abinci. Haɗin da aka saba da shi shi ne kashi biyu na ƙasar jigawa mai kyau da kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, a tankaɗe, a gauraya. In ƙasar na da nauyi, a ƙara rairayi ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba wari ba zafi. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki na ƙona ƙaramar saiwa, yana kuma jawo gara.

Kada a ɗebo ƙasa daga inda tumatir ko kuɓewa suka yi ciwo bara. In ana shakka, a jiƙa ƙasar, a shimfiɗa ta, a rufe da farar leda a bar ta a rana makonni huɗu zuwa shida a lokacin bazara. Zafin na rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

In an shuka ƙwaya kai tsaye a babban mazubi, a lura da ruwa a makonnin farko. Ƙaramin tsiro ba ya iya shanye ruwan bido guda. A riƙa zuba kaɗan a kewayensa, ana faɗaɗa da'irar yayin da yake girma. Yawan laima shi ke kawo ciwon nan da ke sa wuyan tsiro ya yi baƙi ya sirance, a wayi gari a tarar ya kwanta.

Ranar dashe

Kowane dashe da lokacinsa. Tumatir na isa dasawa a kwana 25 zuwa 30, yana da ganye huɗu zuwa shida. Shu kusan haka yake. Salati wajen mako uku. Tonka da tattasai sun fi jinkiri, kwana 35 zuwa 45. Albasa kwana 40 zuwa 50, sa'ad da kaurinta ya kusa na fensir, da ganye uku ko huɗu. Sauri na haifar da nawa, amma jinkiri ma na da tasa illar. Dashen albasar da ya tsufa ya yi kauri a wurin reno, in sanyin hunturu ya same shi, ya fi saurin fitar da kara ya yi fure. Albasar da ta yi kara kuwa ba ta daɗewa a rudu, manyan dillalan albasar Galmi kuma sun san ta da ido.

Mako guda kafin dashe, a fara rage ruwa da inuwa don shukar ta saba da wahala. Amma ran da za a cire ta, a shayar da wurin renon sosai ƴan awoyi kafin a fara, don ƙasa ta yi laushi ta bi saiwa. Kada a fizge da hannu. A sa wuƙa ko ƙaramar hauya a ƙarƙashi a ɗago. A riƙe ƙaramin dashe ta ganye, ba ta kara ba: ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan.

Lokacin da ya fi shi ne bayan la'asar, don dashen ya samu dare guda na sanyi kafin ya gamu da rana. A jiƙa ramin tukuna. A tabbatar saiwa ta miƙe ƙasa, ba ta naɗe ta dubi sama ba. A danna ƙasa a hankali kewaye da gindin don kada iska ta zauna a ciki, a ba da ruwa nan take. Kwana biyu zuwa uku na farko a yi masa ƴar rumfa da kaba ko karan hatsi. Takin zamani kuwa a dakata da shi sai bayan kwana goma zuwa mako biyu, in an ga sabon ganye ya ɓullo. Saiwa mai rauni ba ta ɗaukar gishirinsa.

Zurfin dasawa ya bambanta. Tumatir na son a binne shi har kusa da ganyen farko, don karansa na fitar da saiwa duk inda ya taɓa ƙasa mai laima. Salati da albasa ba a nutsa su; in an binne zuciyar salati ruɓewa take yi. Gwanda, mangwaro da lemu a ajiye su daidai inda ƙasa ta tsaya musu a leda, wurin auren kuma ya zauna sama da ƙasa sosai.

Ga itatuwan leda, a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi kamar kaurin yatsa, don a cire saiwar da ta naɗe a ƙasa. Sa'an nan a tsaga gefe, a sa dunƙulen cikin rami, a zare ledar. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ƙasar nan kowace ranar 3 ga Agusta, kuma cikin abubuwan da ke kashe su bayan an watse har da dasa su da ledarsu a jiki, ko da saiwa a murɗe. Ledar da aka zare a tattara ta. A 2014 an yi dokar hana ledoji marasa kauri a Nijar, amma ko ba doka, mai akuya ya san abin da leda ke yi a cikin dabba.

Abin da mai saye zai duba

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Uwargida, kafin ki biya, kwance dami ɗaya daga tsakiya, ba wanda aka ɗora a sama ba. Saiwa mai lafiya fara ce, mai yawa, ba wari. In kin ga ƙulli-ƙulli kamar ƙananan duwatsun carbi a saiwar tumatir, yalo ko tattasai, ajiye shi: wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma in suka shiga garka suna daɗewa shekaru. Juya ganyen ki duba bayansa. In ƙananan fararen ƙudaje suka tashi, ko ganyen saman ya nannaɗe ya yi rawaya, wannan dashe na iya ɗauke da ciwon da ke hana tumatir haihuwa, ba shi kuma da magani bayan ya kama. Shi ya sa masu reno na ƙwarai ke rufe fangalinsu da tsohon sange. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri. Dashen da ya riga ya fara fure a wurin reno ya tsufa.

Ga iccen leda, ɗaga ledar. In ta ƙi tasowa, ko kika ga kututturen saiwa da aka datse a gindinta, to saiwar ta daɗe da huda ledar ta shiga ƙasa. Irin wannan na iya yin kyau ranar saye ya bushe bayan mako guda. Masu reno da suka san aikinsu na gusar da ledoji duk mako biyu zuwa uku don hana haka. Babban icce a ƙaramar leda ba garaɓasa ba ce.

Ku kuma masu sari, dashen da aka cire ba ƙasa ba ya son kwana. A naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, a bar ganyen ya sha iska, a ajiye a inuwa. Kada a ɗaure shi cikin leda a ɗora a saman mota da tsakar rana. A saro daidai abin da kasuwar yini za ta ɗauke. Wanda kuka sayar wa dashen da ya mutu bana, ba zai tsaya a rumfarku baɗi ba, zai kuma faɗa wa maƙwabtansa.

A ƙidaya kwanaki daga kasuwa a komo baya

Ɗan kasuwa ba ya sarin kaya sai ya san ranar da zai sayar. Haka ma garka. Salati na buƙatar kamar mako uku a reno da kwana 30 zuwa 40 bayan dashe. Tumatir wata guda a reno da wata biyu zuwa biyu da rabi kafin tsinkar farko. Albasa wata ɗaya da rabi a reno da wata uku da rabi zuwa huɗu a garka. Mai son kayanta su iso lokacin azumi, sa'ad da ake neman salati da tumatir, sai ta ƙirga baya daga ranar, ta kuma tuna cewa azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Kwana goma da dashe ya ɓata yana jinya na iya zama bambanci tsakanin shiga kasuwa kaya na tsada da shiga bayan ta cika, kwando na neman mai ɗauka.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na karkararsa, ko majalisar manoma ta jiharsa, ko ma'aikatan cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975. Kafin nan, ga gwajin da kowa zai iya yi ba tare da kashe ko dala ba: a shuka kuɓewa a buhu biyu rana ɗaya, ɗaya a bar ta inda ta tsiro, ɗaya a tumɓuke ta a dasa bayan mako biyu. A ƙirga abin da kowace ta bayar. Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu kasuwa mai kyau.